Ƙaramar Marar Madubi ko Babbar DSLR: Yadda Za Ka Zaɓi Kyamarar da Za Ta Yi Maka Aiki a Zariya

Da zarar Sallah ta ƙarato, ko aka shiga kakar bukukuwa, sai matasa sun same ni da tambaya iri ɗaya. Wani ɗalibi ne daga Samaru da ya daɗe yana tara kuɗi, wata kuma daga Tudun Wada take, tana son ta riƙa ɗaukar hoton kamu da walimar mata inda maza ba sa shiga. Sai a miƙo mini waya: "Malam, duba mini, wacce zan saya?" Hoto biyu ne kullum. Ga ƙaramar kyamara marar madubi, sabuwa ko kusan sabuwa, ga kuma babbar DSLR ful-firem ta hannu, kuma kuɗinsu ya yi kusa da juna. Wannan kusancin farashi shi ke rikita mutane. Ni kuwa ba na son ganin wanda ya yi shekara yana tari ya ɗauko abin da zai ajiye a ƙarƙashin gado bayan wata uku, shi ya sa na zauna na rubuta yadda nake bi da su, daki-daki.

Mu fara da sanin abin da ake magana a kai. A cikin DSLR akwai madubi a bayan lenis, shi ke karkatar da haske zuwa tagar leƙe, don haka abin da idonka ke gani shi ne ainihin abin da ke gabanka. Idan ka danna, madubin ya ɗaga, haske ya faɗa kan sensa, wato ɗan farantin da ke ɗaukar hoton, ka ji wannan ƙarar "ƙaras". Marar madubi an cire mata wannan madubin gaba ɗaya. Haske na zuwa kan sensa kai tsaye, kai kuma kana kallon ɗan ƙaramin allo a cikin tagar leƙe. Panasonic ce ta fara fito da irinta a 2008. Shi kuma "ful-firem" girman sensa ne, milimita 36 a 24, daidai da fim ɗin da. Ƙananan marasa madubi da ake yawan kawowa nan, irin su Sony a6000 da a6400, Canon R50, Nikon Z50 da Fujifilm X-T30, sensarsu APS-C ce, wajen milimita 23 da rabi a 15 da rabi, ta Canon ma ta ɗan fi haka ƙanƙanta. Faɗin filinta bai kai rabin na ful-firem ba. To ka ga tambaya biyu ce aka cura wuri ɗaya: madubi ko babu madubi, sannan babbar sensa ko ƙarama.

Mataki na farko: ɗauki biro ka rubuta aikin

Kafin ka leƙa kasuwa, rubuta ayyuka goma da kake sa ran za ka yi da kyamarar nan a shekarar farko. Ba waɗanda kake buri ba, waɗanda ka san za a kira ka. Ɗaurin aure a ƙofar gida da hantsi? Dina a zauren taro da dare? Hoton ɗalibai ranar yaye su a Jami'ar Ahmadu Bello ko Nuhu Bamalli? Bidiyon wa'azi? Hoton atamfa da turaren wuta na masu sayarwa a Instagram? Hawan Sallah? A gefen kowanne ka rubuta abu biyu: rana ne ko dare, hoto ne ko bidiyo. Idan ka ƙirga, rabin amsar ta fito. Jerin da dare da hoto suka yi masa yawa yana jan ka wajen ful-firem. Wanda bidiyo da yawo suka cika shi, marar madubi yake nema.

Mataki na biyu: haske

Nan ne babbar sensa ke nuna kanta. Zaurukan bikinmu da yawa haskensu ba ya isa, ga fitilu masu launi-launi, ga janareto na sama da ƙasa da wuta. Dole ka ɗaga ISO, wato saitin da ke ƙara wa hoto haske a wuri mai duhu, kuma duk sanda ka ɗaga shi hoto na ƙara yin tsaki-tsaki kamar an yayyafa yashi. Idan kyamarorin biyu tsara ɗaya ne, ful-firem na ba ka rarar kusan ninki ɗaya: tsabtar da APS-C za ta ba ka a ISO 3200, ita za ta ba ka kwatankwacinta a 6400. Amma ka riƙe wannan sharaɗi na "tsara ɗaya". Canon 5D Mark II ta 2008 ful-firem ce, ta yi zamaninta ƙwarai, sai dai kada ka ɗauka za ta doke ƙaramar kyamarar da ta fito bayanta da shekara goma don kawai sensarta babba ce. Waɗanda har yanzu nake ganin sun cancanci kuɗinsu su ne Canon 6D ta 2012, 5D Mark III ita ma ta 2012, Nikon D750 ta 2014, 5D Mark IV ta 2016 da 6D Mark II ta 2017.

Da rana kuma labari ya canza, kuma wannan shi ne abin da masu bita a YouTube ba sa faɗa maka domin ba irin ranarmu suke aiki a ciki ba. Ka tsaya a filin ɗaurin aure da ƙarfe goma sha ɗaya: ango da abokansa cikin farar shadda mai sheƙi, fuska a ƙarƙashin inuwar hula ko rawani. Ka auna hasken fuska, shaddar ta ƙone ta koma fari fat, aikin ɗinkin da aka biya kuɗi mai yawa a kai ya ɓace. Ka auna shadda, fuska ta yi duhu. Da DSLR sai ka danna, ka sauke, ka kare allo da tafin hannu ka duba, ka gyara, ka sake. Da marar madubi kuwa, tun kafin ka danna kana ganin yadda hoton zai fito a cikin tagar leƙe, wasu ma suna zana maka layi-layi a duk inda fari ya fara ƙonewa. Ga mai koyo wannan babbar ni'ima ce, yana rage masa watanni na kuskure. Ko wacce ka saya dai, ka saba da ɗauka a RAW, wato ɗanyen fayil ɗin da ake gyarawa a kwamfuta, domin a nan ake ceto shadda da fuska tare.

Mataki na uku: lenis, kuma a nan kuɗin yake

Jikin kyamara na tsufa, lenis mai kyau kuwa sai ka gaji da shi. Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya zuba duk abin da ya tara a jiki, ya dawo gida da lenis ɗin da ake haɗowa da shi a kwali, sannan ya yi mamakin da hotonsa bai fi na waya ba. Shawarata ita ce ka raba kuɗinka gida uku tun a takarda: kashi ɗaya jiki, kashi ɗaya lenis, kashi ɗaya filasha da batura da katin memori da jaka. Idan jikin da kake so ya cinye fiye da rabin kuɗin, ba naka ba ne tukuna.

A wannan fanni DSLR na da gata babba. Canon da Nikon sun koma kan marasa madubi tun 2018, da tsarin RF da tsarin Z. Shugaban Canon ya faɗa cewa 1D X Mark III ta 2020 ita ce ta ƙarshe a manyan DSLR ɗinsu. Saboda haka masu hoto a Turai da Amurka suna ta sauke tsofaffin kayansu, su ne kuma ke shigowa Legas su bazu zuwa Abuja da Kaduna da Kano. Lenis ɗin EF na Canon, wanda ake ƙerawa tun 1987, da lenis ɗin F na Nikon, sun cika kasuwar hannu. Ƙaramin 50mm f/1.8 (lambar f na nuna buɗewar lenis, ƙaramar lamba ta fi shigar da haske) shi ne mafi araha a cikin nagartattu, kuma a kan ful-firem yana narkar da bayan mutum yadda amare ke so. 24-105mm f/4 zai yi maka biki guda ba ka sauya ba. Ga kuma wani abu da ba a rubuta shi a kwali: abokan sana'a. Idan naka ya samu matsala ranar Juma'a da dare, ga biki ranar Asabar, lenis ɗin Canon ko Nikon na DSLR za ka fi saurin samun aro ko haya. Ka zagaya wajen masu hoto uku ko huɗu a Sabon Gari da Samaru ka ga abin da ke rataye a wuyansu, kafin ka ɗauko tsarin da kai kaɗai ke da shi a unguwa.

Sai ka fahimci yadda ƙaramar sensa ke matse hoto. A kan APS-C, lenis yana nuna kamar an ninka tsawonsa sau ɗaya da rabi (a Canon sau 1.6). Wato 50mm zai zama kamar 75mm ko 80mm. A ɗakin amarya, inda gado da kujeru da jere suka cinye wuri, ga ƙawaye goma sha biyu suna son su fito tare, za ka ja baya har ka jingina da bango ba su shiga ba. Mai ƙaramar kyamara yana bukatar abu kamar 16mm ko 18mm don irin wannan wuri. Sigma 18-50mm f/2.8 an yi shi ne don wannan aiki, nauyinsa bai kai giram 300 ba.

A wajen Hawan Sallah wannan matsewar ta zama riba. Kana tsaye can nesa a filin ƙofar fada, dogarai ba za su bari ka matso ba, mahaya sun sako dawakai a guje za su yi jahi a gaban Mai Martaba. Lenis 200mm a kan APS-C yana kawo maka su kamar 300mm, ka samu fuskar mahayi da adon lifidi ba tare da ka sayi ƙaton lenis mai tsada ba.

Gargaɗi biyu kafin mu wuce. Canon M50 da 'yan uwanta na jerin M suna yawo a kasuwa da araha, kuma kyamarori ne masu kyau, amma Canon ta bar wannan layi, lenis ɗinsu na EF-M kuma ba ya hawa sababbin kyamarorin R. Na biyu, idan kana da niyyar fara da DSLR ka koma marar madubi nan gaba, hanya a buɗe take: lenis ɗin EF na aiki a kan Canon R da adafta. Na Nikon ma haka da adaftar FTZ, sai dai tsofaffin lenis masu alamar AF-D ba za su yi fokas da kansu ba a kanta, don haka ka nemi masu alamar AF-S.

Mataki na huɗu: batir da halin wutarmu

Alƙaluman da kamfanonin suka bayar a gwajin CIPA, ƙungiyar masu ƙera kyamara ta Japan, sun isa bayani. Nikon D750 hoto 1230 a caji ɗaya, Canon 6D Mark II 1200, 5D Mark IV 900. Sony a6400 wajen 400, a6000 kuma 360. Dalilin a fili yake, allon marar madubi da sensarta a kunne suke muddin kyamarar na kunne, ita kuwa tagar DSLR gilashi ce da madubi, ba ta shan wuta. Bikin da za a fara da ɗaurin aure da safe a ƙare da dina da dare, batir biyu sun ishi mai DSLR. Mai ƙaramar Sony ya tanadi huɗu. Abin da ke rage masa zafi shi ne yawancin marasa madubi ana iya cajinsu ta USB da fawabank, ko a cikin Keke ne a hanyar zuwa wani wurin. Yawancin DSLR sai an cire batir an sa a caja a bango, in kuma an ɗauke wuta kwana biyu sai ka nemi wurin masu caji.

Mataki na biyar: ƙura

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu na shiga ko'ina, a filin hawa kuma kofatan dawakai na tayar da tasu ƙurar ko da wane wata ne. Idan ka kwance lenis daga DSLR, madubi da labulen shota suna tsare da sensa. A yawancin ƙananan marasa madubi kuwa, sensar ce tsirara take kallonka. Ƙwayar ƙura ɗaya ta zauna a kai, za ta fito a matsayin ɗigo a sararin samaniyar kowane hoto, a bidiyo kuma cire ta wahala ce babba. Wannan bai isa ya hana ka sayen marar madubi ba, amma ya isa ya sauya ɗabi'arka. Ka kashe kyamara kafin ka sauya lenis. Ka juya bakinta ƙasa. Ka yi sauyin a cikin mota ko ɗaki ko aƙalla cikin jaka, ranar hawa kuwa ka ɗaura lenis ɗaya tun daga gida kada ka kwance. Ka sayi 'yar robar hura iska, kuma kada ka taɓa hura sensa da baki ko ka goge ta da gefen riga. Da damina matsalar ta koma danshi, mai sa lenis yin fumfuna a ciki, sai ka riƙa ajiye kaya a roba mai murfi da ƙunshin silika.

Mataki na shida: bidiyo da fokas

Idan bidiyo ya kai kashi uku cikin goma na jerinka, ni dai marar madubi zan ce maka. Nikon D750 da Canon 6D Mark II ba su wuce 1080p a bidiyo na yau da kullum ba. Fokas ɗin D750 a bidiyo yana ta neman wuri gaba da baya, 6D Mark II ta fi ta a nan sosai saboda tsarin fokas ɗinta na Dual Pixel. 5D Mark IV na yin 4K, amma tana matse hoton ƙwarai kuma fayil ɗin na cinye kati. Dukansu suna tsayawa kafin minti talatin, wanda ke ɗaukar lacca ko tafsiri ya san ciwon wannan. Sony a6400 ta 2019 ba ta da wannan iyaka, a hoto kuma tana kama idon mutum ta bi shi. Amarya na tahowa a tsakiyar ƙawaye, mayafi na rufewa yana buɗewa, kyamarar na riƙe da ita. Abin da ba ta da shi shi ne maganin rawar hannu a cikin jiki, sai a6500 da a6600 da a6700, don haka ka nemi lenis mai shi ko ka sayi abin ɗorawa.

Wutarmu hamsin take bugawa a daƙiƙa, saboda haka ka saita bidiyo a firem 25 ko 50, shota a 1/50 ko 1/100, in ba haka ba fitilu za su riƙa ƙyaftawa a hoton. Shota marar ƙara ta marasa madubi na da daɗi a masallaci lokacin da ake addu'ar ɗaurin aure, amma a ƙarƙashin wasu fitilun LED tana jawo ratsi-ratsi a hoto. Ka gwada ka duba kafin a fara.

Mataki na bakwai: ɗauke ta ka ji

Canon 5D Mark IV giram 890 ce da batir. Ka ɗora mata 24-70mm f/2.8 mai giram 805, ka ƙara filasha, ka haura kilo biyu a wuya tun safe har dare. Sony a6400 giram 403 ce, Canon R50 375. Ga wadda za ta yini a tsaye a cikin gidan biki, ko wanda zai hau Dutsen Kufena, ko mai yawo a lungunan cikin birni yana ɗaukar ƙofofi da zanen bangon gidajen ƙasa, wannan bambanci ba ƙarami ba ne. Ƙaramar kyamara kuma ba ta tsorata mutane, tsofaffi da yara sun fi sakin jiki a gabanta.

Ɗaya gefen ma gaskiya ne, kuma ba zan ɓoye ba: masu biki da yawa da ido suke auna mai hoto. Na taɓa zuwa wani aiki da ƙaramar kyamara, kawun ango ya ja ni gefe ya ce, "Ɗana, ina babbar? Ko tana mota?" Sai da na nuna masa hotuna uku a allo hankalinsa ya kwanta. Wanda ya riga ya yi suna wannan ba zai dame shi ba, sabon shiga kuwa ya sa shi a lissafi.

Sai maganar kati. D750 da 5D Mark III da Mark IV suna da ramin kati biyu, kowane hoto na sauka a wuri biyu. 6D da 6D Mark II da ƙananan marasa madubin da na ambata rami ɗaya gare su. Ɗaurin aure ba a maimaita shi. Idan biki ne zai zama abincinka, ka ba rami biyu muhimmanci, in kuma ɗaya ka samu, ka sayi katuna masu kyau daga wurin da ka yarda da shi ka riƙa sauyawa tsakanin zama da zama, domin jabun kati sun yi yawa.

To ga inda nake tsayawa. Mai son hoton biki da na situdiyo, wanda kuɗinsa ke da iyaka, ya nemi D750 ko 5D Mark III ko 6D Mark II mai lafiya, da 50mm f/1.8, da zum ɗaya, da filashar Godox. Mai bidiyo, da mai tallan kaya a intanet, da mai koyo da ke son ya riƙa fita da kyamara kullum, ya ɗauki ƙaramar marar madubi da lenis mai f/2.8 ko ƙasa da haka, da batura huɗu.

Mataki na ƙarshe: ranar saye

Kada ka tura kuɗi kan hoton da aka turo maka a WhatsApp. Ka je da kanka, ko ka wakilta mai hoto da ka amince da shi, ka tafi da katinka da kwamfuta in da hali, kuma ka je da rana.

Fara da lissafin shota, wato sau nawa aka danna. D750 da 5D Mark III da Mark IV an ƙiyasta musu 150,000, 6D kuma 100,000. Nikon na rubuta lambar a cikin bayanan kowane hoto, ta Canon sai an haɗa kyamarar da kwamfuta ko waya da manhajar da ke karantawa. Wadda ta ci fiye da kashi biyu cikin uku na adadinta, a rage kuɗi ko ka bar ta. Daga nan ka rufe lenis zuwa f/16, ka ɗauki sararin sama ko farin bango, ka faɗaɗa hoton. Ɗigo-ɗigo ƙura ce, ana wankewa. Dogon layi kuwa yana iya zama ƙarzuwa a kan sensa, wannan ka ajiye musu kayansu. Rufe lenis da murfinsa ka yi ɗauka ta daƙiƙa biyu, ka duba ko akwai jajaye ko korayen ɗigo masu yawa a cikin baƙin.

Ga DSLR akwai gwaji na musamman. Jera batura biyar a kan tebur a karkace, ɗaya na bayan ɗaya, ka buɗe lenis gaba ɗaya ka yi fokas a kan na tsakiya. Idan na gabansa ko na bayansa ne ya fito tas, fokas ɗin ya kauce. Ɗan kaucewa ana gyara shi a cikin saitin waɗannan kyamarori, mai yawa kuwa alamar ta taɓa faɗuwa ce. Ga marar madubi, ka kunna bidiyon 4K ka bar shi minti ashirin a wurin da babu fanka, ka ga ko za ta nuna alamar zafi, domin zafin Maris da Afrilu na Zariya zai yi mata gwajin da ya fi wannan.

Haska cikin lenis da tocilan waya ta gaba da ta baya, ka nemi abu mai kama da saƙar gizo-gizo ko hazo. Juya zoben zum ka ji ko yana cijewa ko yana ƙarar yashi. Duba kawunan sukurori, in sun ci alamar an taɓa buɗe ta. Ɗora filasha ka gwada, sa kati a kowane rami, danna kowane maɓalli, juya kowane dayal. Sannan a rubuta maka rasit mai ɗauke da lambar jikin kyamara da ta lenis, da yarjejeniyar kwanakin da za ka iya dawo da ita, kuma ka yi amfani da kwanakin nan ka ɗauki aƙalla hoto ɗari biyar, rana da dare, kafin ka karɓi aikin kowa.